Wandon Tuwid ɗin da Crawford Ya Dafa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yau bai sauka ba, ni Elspeth Laidlaw ta garin Hawick, tsohuwar nas mai zagayen gidaje, nake sanar da dangi da abokan hawan keke rasuwar wandona na tuwid, wato yadin ulun nan mai kauri. Ya rasu ranar Talata da hantsi, makonni uku da suka wuce, yana da shekara talatin da ɗaya. Sanarwar ta makara ne domin duk wadda na rubuta kafin wannan ba ta karantuwa a gaban mutane.

Za ku ji ana cewa tsufa ne. Ƙarya ne. Kashe shi aka yi.

An saƙa marigayin da tsantsar ulu a masaƙar bakin kogi, wadda yanzu aka mayar gidajen haya. Tela Dod Renwick, Allah ya jiƙansa, shi ya yanka shi tare da wani wando ɗan'uwansa daga bandir guda, ɗaya nawa, ɗaya na ƙawata Ishbel Oliver. Dod bai auna mu a tsaye ba. Sai da ya sa muka shigo da kekunanmu cikin shago, muka hau, muka tanƙwara gwiwa, sannan ya ɗauko tef. Shi ya sa marigayin ya tsaya daidai ƙasan gwiwa, sarƙar keke ba ta taɓa cafke shi ba. Hantsarsa yalwatacciya ce, babu ɗinki a inda mutum ke zama, ƙugunsa kuma ya haura ta baya don kada iska ta same ni idan na sunkuya.

Mai haƙuri ne. Ya sha ruwan sama da ƙanƙara a hanyar gidajen marasa lafiya, bai taɓa barin sanyi ya kai ga cinyata ba. Ba shi da surutu. Shuu, shuu, a kan sirdi idan muna hawan tudu, sai ƙyas na maɗaurin gwiwa da safe. Aibinsa ɗaya, idan ya jiƙe yana warin tunkiya. Abin da ya nema a rayuwa bai wuce a rataye shi ya sha iska a goge shi da buroshi ba.

Ranar da abin ya faru na je asibiti a cire mini yanar ido. Surukina Crawford, mijin 'yata, ya zo gidana wai taimako. Ya ga marigayin rataye a kicin da laka a gwiwa. Ya jefa shi injin wanki, ya murɗa zuwa ruwa mafi zafi, da ya gama kuma ya tura shi injin busarwa. Na dawo ido ɗaya a ɗaure, ya tare ni a bakin ƙofa yana murmushi.

"Elspeth, na rage miki aiki. Har warin nan ya fita."

Na ɗaga abin da ya miƙo mini. Ya motse, ya sandare kamar tabarmar goge ƙafa. Ko 'yar tsana sai ta riƙe numfashi kafin ta shiga.

Na ce, "Crawford, me ya yi maka?"

"Haba, ai wando ne kawai. Sai mu sayo wani."

To, na je sayen. A Edinburgh na shiga shagon masu harbin tsuntsu, don su ma tuwid suke sawa. Wandunansu na maza ne masu tsayuwa da bindiga, ga wani ɗinki mai kauri kamar igiya a tsakiyar mazauni. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Na mata kam siket muke yi, Madam." Na tambaye shi ko ya taɓa sauko tudu da siket iska na kaɗawa. A shagon keke aka miƙo mini baƙin wandon roba mai soso a gindi, wai shi kowa ke sawa yanzu. Shekarata sittin da takwas. Ba zan ratsa garin da aka haife ni kamar naman da aka ɗura a hanji ba. Na yi odar wani ta intanet. A hoto tuwid ne, da ya iso yadi ne sakayau mai shafin leda. Mil biyar ya saɓule mini fatar bayan gwiwa, sannan ya yage a kan gada daidai lokacin da ake fitowa daga coci.

Ga abin da Crawford bai sani ba, domin bai taɓa tambaya ba. Kowace shekara ni da Ishbel muna hawa keke zuwa tafkin St Mary cikin wandunan nan biyu. Bana likita ya gaya mata zuciyarta ba za ta ƙara ɗaukar wannan hanya ba bayan wannan karon. Saura kwana goma sha shida mu tafi. Da na gaya mata abin da ya faru sai ta ce, "To ni ma in bar nawa a gida, mu tafi da duk abin da muka samu." A nan ne na yi kuka, na kuma ƙara jin haushin Crawford.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa a gidan Ishbel, da kwat ɗaya da ta zama bazawara, da dogayen safa ƙafa biyu, da keke, da ni.

Ishbel ce ta tuna da Misis Telfer, wadda ta yi aiki a shagon Dod, yanzu shekararta tamanin da huɗu. Muka kai mata gawar. Ta juya ta a hannu.

"Wane marar imani ne ya yi wannan?"

"Surukina."

"Kuma yana nan yana yawo?" Ta shafa hantsar da yatsa. "Zan ɗinka miki sabo, ina da ragowar yadi a ƙarƙashin gado, toka-toka ne, ba kalar naki ba. Awon wannan ya lalace, amma yankan Dod yana nan. Sai na farke shi ɗinki-ɗinki in ga yadda ya juya nan. Ba zai sake haɗuwa ba, yarinya. Kin yarda?"

Na dubi gawar a hannunta. Sannan na ce na yarda.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, a kan teburin kicin ɗin Misis Telfer. Ishbel za ta riƙe, Misis Telfer za ta farke, ni zan juya baya. Ba a buƙatar furanni. Akwai shayi da biskit.

Crawford ya roƙi a bar shi ya halarta. An amince, domin ana neman wanda zai sauko da keken ɗinki daga bene, kuma ƙarfe ne zalla. Masu zuwa ta'aziyya da rigunan ulu ana shawartarsu su bar su a jikinsu. Kada a rataye komai a inda hannunsa zai kai.