Jerin Da Ba Wanda Ya Gani Sai Ni

Abin da ya faru a taron Talatar nan ba zan taɓa mantawa da shi ba. Amma bari in fara da ƙorafina, don har yau ban janye shi ba: a ofishinmu ana raina wanda ya yi karatu da girma. Ina da shekara talatin da huɗu na shiga ajin manya a Kpakungu, da goyo a bayana. Sai da na haura arba'in na karɓi difloma ta kwamfuta. Duk wanda ya yi mini kallon "wannan tsohuwar me ta sani", ina ganinsa, kuma ba ya kwana bai ji amsa ba.

Ƙananan asibitoci uku muke kula da su. Aikina shi ne tsara ayyukan sashen kwamfuta: wanne za a fara, wanne zai jira. Mai aiwatarwa mutum ɗaya ne, Bitrus, magidanci daga kudancin Kaduna, mai 'ya'ya uku, wanda kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen watan. Darakta ya kafa doka cewa ba aikin baka. Kowane aiki a rubuta shi a jeri guda da ke kan intanet, kowa ya gani, Bitrus ya bi daga sama.

Na sa asibitin Paiko a sama. Kwamfutar rajistarsu ta mutu, mata masu ciki na yini a layi ana laluben katinsu da hannu. Allon kallo na bango da Mataimakin Darakta, Malam Ndagi, yake so a ɗakin taro kuwa, na jefa shi can ƙasa.

Mako ya zagayo, sai ga Bitrus a kan tsani yana ɗaura allon Malam Ndagi.

"Bitrus, ka duba jerin kuwa?"

"Na duba, Mama."

"Shi ne kake nan?"

"Shi ne nake nan, Mama."

Na juya na yi tafiyata. (Da na ƙara tambaya ɗaya tak, da magana ta ƙare a gindin tsanin nan. Amma ni a lokacin ba na roƙon na ƙasa da ni ya yi aikinsa.) Mako na biyu ya koma ja wa ofishin Malam Ndagi wayar intanet. Har shayi na ga sun sha tare. Nan na yanke hukunci: yana neman mai sa masa baki ne a sabunta kwantiragi. Na rubuta takardar ƙorafi shafi biyu, na kai wa Darakta da hannuna. Darakta ya ce ba zai sa hannu a kwantiragin ba sai an zauna.

Ranar Talata aka zauna, mu goma sha ɗaya. Na miƙe na yi magana kamar mai wa'azi. Na ce akwai masu fifita allon kallo a kan mace mai naƙuda. Na ce akwai masu sayar da aikinsu a kan kofin shayi. Bitrus bai ɗago ba, sai juya biro yake a hannu.

Malam Ndagi ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce a hankali, "Hajiya, ko za a buɗe jerin mu gani?"

Aka buɗe, a kan allon nan nasa da na raina. Na farko, allon ɗakin taro. Na biyu, wayar ofishinsa. Paiko babu ita, sama ko ƙasa.

Na ce an goge. Darakta ya ce a kawo kwamfutata. Bitrus ne ya buɗe ta (shi ɗin dai), ya duba, sannan ya rage murya don ni kaɗai in ji. "Mama, wannan kwafi ne. A cikin injinki kawai yake. Bai taɓa fita ba."

Ɗakin ƙarami ne. Kowa ya ji.

Gaskiyar ita ce, ranar da aka koya mana amfani da jerin, tun farko-farko na ɓata. Mai koyarwa ya tambaya ko akwai wanda bai gane ba. Na dubi 'yan jami'ar da ke gefena, na kame bakina. Na sauke kwafi na ci gaba da aiki a kansa, mako uku ina ba da umarni ba mai ji sai ni. Malam Ndagi kuwa da ya ga ba mai taɓa jerin na gaske, sai ya hau ya rubuta nasa. Ina da yaƙinin ya daɗe da gano inda matsalar take, ya zuba mini ido. Wannan tsakaninsa da Allah. Takardar dai ni na rubuta ta.

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi ciwo. A cikin keke mai ƙafa uku, hanyar gida, na yi ta juya abin: matan Paiko sun yi mako uku a layi, bawan Allah ya kusa rasa abincin 'ya'yansa, duk don kada a ce Hajiya ta yi tambaya. Shekara da shekaru ina gadin mutuncina daga mutane, ban taɓa tunanin in tsare shi daga kaina ba.

Washegari na riga Darakta isa ƙofar ofishinsa. Na ce a sake tara mutanen jiya.

"Hajiya, ai ya wuce. Ki ba Bitrus haƙuri ku biyu."

"Yallaɓai, a gaban jama'a na ɓata masa suna. Ba zan gyara shi a lungu ba."

Aka tara su, na faɗi abin da na yi ba tare da na rage komai ba. Sannan na ɗauko fayil ɗin kwantiragin Bitrus na ajiye a gaban Darakta. Ya ce in dawo da rana. Na ja kujera na zauna, na ce ina nan har sai ya sa hannu.