Ranar da Na Yi Faɗa da Dattijon Cikin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mutanen Nguru suka zo Gashuwa neman auren 'yata Falmata ba. Wan mahaifin yaron, Alhaji Modu, yana Umra, sai aka ce zai gaisa da ni ta kwamfutar Falmata bayan la'asar. Ban taɓa ganinsa ba.

Na bar baƙi a zaure na shiga ɗaki. Ga kwamfuta a buɗe, ga wani dattijo a ciki da farar hula, saƙonni na ta shigowa a gefe. Na gyara babbar riga, na zauna, na yi sallama.

Bai amsa ba. (Na yi masa uzuri, na ce Makka da nisa.) Na ƙara ɗaga murya: "Alhaji, ya ibada?"

Sai ya zuba min ido ya ce, "Kai, ba ka da kunya? Ai na san asalinka!"

Ni da na shekara arba'in ina noman tattasai a bakin kogi, ba wanda ya taɓa tona min asali! Na ce, "Asalin nawa ya fi naka!" Ya yi tsaki ya kashe kiran.

Na fito zaure na ce, "Ku kwashe goronku. Ba zan ba da 'ya gidan da babbansu ba ya amsa sallama ba."

Ƙanen mahaifin yaron ya ce, "Malam, Alhaji fa bai fito daga Harami ba tukuna."

Sai ga muryar Falmata daga bayan labule: "Baba, fim ne fa! 'Yan ajinmu suka shirya, duk labarin a fuskar kwamfuta yake faruwa. Na je duba shinkafa na bar shi yana tafiya."

Wane irin fim ne wannan, ba mota, ba rawa, ba waƙa? Na rasa inda zan sa kaina. Baƙi dai suka tashi da goronsu, tunda ni na ce su kwashe.

Sai da na bi su har Nguru da buhun tattasai biyu na ba da haƙuri, sannan aka sa rana. Har yau in Alhaji Modu ya kira, da dariya yake farawa: "Malam, ni ne na gasken, a yi min sassauci."

Yanzu duk wanda ya zage ni ta cikin kwamfuta, kafin in rama sai na tambaye shi sunana. In bai sani ba, in bar shi ya ƙarasa fim ɗinsa.