Takalmin da Na Ɓoye a But

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ranar da takalmi ya tona mini asiri a gaban mutum goma.

Shekarata ta uku ke nan a Doha lokacin, ina aikin injiniya a unguwar West Bay, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a wata ƙungiyar masu hawan dutse. Duk Asabar ɗin sanyi mukan kwashi igiyoyi mu nufi duwatsun da ke yamma da gari. Ban iya sosai ba, amma tunda babu wanda ya san ni daga gida, sai nake ji kamar a kan dutse aka haife ni.

Ni da kaina na jawo Dakta Bashir, maƙwabcina a unguwar Mesaimeer, likitan ƙashi ɗan Katsina. Niyyata ya zo ya ga yadda nake yi, ya je ya ba da labari. Cikin wata biyu sai ga shi yana hawa inda ni nake tsayawa ina cewa yau kafaɗata ba daɗi. (Lafiyar kafaɗata lau.)

Abin da ya ƙarasa ni takalminsa ne. Na hawa daban yake, matsattse, ba ka iya taku goma da shi. Shi kuwa sai ya ƙara da wani takalmin ruwan toka, wanda ake sawa daga mota zuwa gindin dutsen, ƙasansa roba mai kama dutse kamar ƙafar tsaka. Kowa ya zagaye shi ana taɓawa. Shugabar tafiyarmu, wata 'yar Labanan da ba ta taɓa yaba mini komai ba, har tsugunawa ta yi ta duba ƙasan.

A mota na ce, "Dakta, wallahi 'yan kasuwa sun ci da kai. Takalmin zuwa wajen sa wani takalmin? Gobe kuma sai na zuwa masallaci daban, na dawowa daban."

Ya yi murmushi ya ce, "Injiniya, gwada nawa ka ji. Ƙafarmu ɗaya ce."

"Allah ya kiyaye. Gwani ko da silifas sai ya hau."

Ban tsaya nan ba. Na shiga zauren ƙungiyar a waya na rubuta dogon bayani cewa wannan takalmi almubazzaranci ne, kambas ɗin yawo ya ishi kowa. Mutum biyu suka goyi bayana, na ji daɗi. Ranar Talata kuma na tashi daga ofis na zarce kanti na sayi irinsa sak, har launin. (Kada ka tambaye ni dalili. Ni ma na tambayi kaina.) Sai da na fito na gane babu inda zan iya sa shi. Na tura kwalin can ƙuryar but ɗin motata, na rufe da sallaya.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka je wani sabon wuri. Kafin ka kai gindin dutsen sai ka tsallaka wani falalen dutse mai gangara, tsakuwa ta rufe shi. Shugabar ta ce, "Yalla, mu je!" kowa ya bi. Ni ne na ƙarshe, da tsohon kambas ɗina mai suɗaɗɗen ƙasa, da igiya a kafaɗa.

A tsakiya ƙafata ta zame. Na faɗi rub da ciki, na sulala kamar buhu, har gwiwata ta daki wani tsini na tsaya. Wandona ya yage, jini na zuba. Sama ta gagara, ƙasa ba na son kallonta. Na manne da dutsen ina salati da ƙarfi, alhali ko fara hawan ba a yi ba.

Dakta ya gangaro a tsaye, hannu ɗaya a aljihu. (Wannan hannun ya fi ciwon ƙona mini rai.) Ya karɓi igiyar, ya riƙo ni muka sauka, sauran ma suka biyo mu. Ya duba gwiwar ya ce, "Ba karaya. Kana da akwatin magani a mota?"

Zafi ya ɗauke mini hankali. Na miƙa masa makulli na ce, "Yana but."

Sai da na ji ƙarar buɗewar but ɗin na tuna. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, bandeji na hannun dama, takalmin na hagu, takardar kanti na lilo a jikinsa. Shugabar ta kalli takalmin, ta kalli ƙafar Dakta, ta kalle ni.

Na ce, "Saƙo ne. Na ƙanena ne a Kano."

Dakta ya juya shi ya karanta lambar. "Ma sha Allah. Shi ma arba'in da uku yake sawa?"

Wani ya fara dariya, sauran suka kama. Dakta bai yi ba. Ya tsuguna ya ɗaure mini gwiwa, ya kwance igiyar kambas ɗin da hannunsa, ya ce a hankali da Hausa yadda ba mai ji, "Sa abinka, Injiniya. Khalas, ya wuce. A wajenka na koyi ɗaura igiyar hawa, ban manta ba."

Na sa. Na sake bin falalen nan da ɗingishi, ƙafata ko gezau. Abin haushi, takalmin yana da kyau ƙwarai.

Yanzu in wani sabo ya tambaye ni ko ya saya, nakan ce in hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce ya bar shi, in akwai gangara da tsakuwa ya saya. Nakan ƙara masa da abin da na koya da gwiwata: in ka ga abu a ƙafar wani ya burge ka, tambaye shi inda ya saya tun bakinka bai yi nisa ba. In kuma ka riga ka zage shi a gaban jama'a, to ka riƙe makullin motarka da kyau.