Lemon Gwaggo da Lambar da Ta Ƙi Kamawa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da mai lamba ya zo ƙauyenmu ba, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bar ni ba. Zamanin Turawa ne, da rani, an gama kai gyaɗa kanti. Lokacin ina ji da kaina, domin a duk unguwarmu ni kaɗai na yi elementare a Ɗambatta har aji huɗu. Duk ranar kasuwa nakan dawo da jarida (sau da yawa tsohuwa ce, wadda aka ƙunshe sabulu a ciki), in zauna gindin tsamiyar ƙofar Dagaci bayan la'asar in karanta wa dattawa. Har suna aka sa mini, Mai Jarida. Allah Ya yafe mini, abin da ke takardar kaɗan ne, abin da nake ƙarawa da bakina ya fi yawa. Ni na bayyana musu yadda rediyo take magana ba mutum a ciki, ni kuma na yanke hukuncin cewa direbobin motar gyaɗa ba su iya tuƙi ba, alhali ko keke ban iya hawa ba.

Ana nan sai agana, wadda mu muke kira 'yan rani, ta ɓulla a ƙauyen gabas da mu. Aka aiko cewa za a zo a yi wa kowa lamba a dantse don rigakafi. Gari ya ruɗe. Wasu suka ce lambar ce ma take kawo cutar, wasu suka ce sun san wanda hannunsa ya kumbura kamar turmi. Dagaci ya tambaye ni abin da ilimi ya ce. Na gyara zama, na yi dogon bayani a kan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Na kuma zazzagi masu dabarar nan da kowa ya sani, ta goge wurin da lemon tsami da toka don kada maganin ya kama. Na ce wannan aikin matsorata ne.

Ranar da Malam Sule mai lamba ya iso a kan kekensa da ɗan akwati, sai Dagaci ya ce tunda Mai Jarida ya fi kowa sani, a fara da shi. Na miƙa hannu ina murmushi. Ya ɗiga magani, ya ɗan tsattsaga da wata 'yar aska (ko ƙaya ta fi ta zafi, gaskiya), ya ce in zauna a inuwa ya bushe. To, a zaman nan ne Shaiɗan ya same ni. Duk labaran da na ƙaryata suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, mai hannu kamar turmi yana kan gaba. Na sulale zuwa gida. Gwaggo, yayar mahaifina wadda ta raine ni, tana ajiye lemon kunu a ƙwarya. Na ɗauki ɗaya, na zagaya bayan rumbu, na dirje dantsena har ya yi ja, na bi da toka.

Cikin kwana kaɗan kowa ya fara zazzaɓi da kaluluwa, ƙurji ya taso a dantsen tsoho da yaro. Nawa kuwa ya warke sumul. Sai na samo tsumma na ɗaure, ina tafe ina cije leɓe. Duk wanda ya yi mini sannu in ce ai tawa ta kama sosai, har in koya masa yadda zai kwanta kada ya danne.

Amma ban ga ta zama ba. Abu ɗaya da na karanta da gaske shi ne wanda lambarsa ba ta kama ba, ba shi da kariya. Kullum da safe sai in leƙa fuskata a ƙwaryar ruwa. Ƙurjin zafi ɗaya ya fito mini a goshi, na yini ina salati. In na ga wani ya taho daga gabas sai in canza hanya. In faɗa, in rasa gindin tsamiya da sunan da nake taƙama da shi. In yi shiru, wataƙila in rasa rai. Gwaggo dai sai ta miƙo mini kunu ta ce, "Ɗan nan, yaya hannu?" tana kallon tsumman fiye da yadda ya kamata.

Abin da jarida ba ta gaya mini ba shi ne mai lamba yana dawowa dubawa. Bayan mako sai ga keken Malam Sule. Aka tara gari, maza nan, mata can jikin danga. Dagaci, Allah Ya jiƙansa, ya sake cewa a fara da Mai Jarida. Na ce gyambon ya yi muni, bai kamata a buɗe gaban jama'a ba. Malam Sule ya ce ya ga waɗanda suka fi shi. Ya warware tsumman a hankali, sai ga dantse fes kamar na jariri.

Malam Sule mutumin kirki ne, ya so ya rufa mini asiri, ya ce wani lokaci takan ƙi kamawa haka kawai. Da na yi shiru da na tsira. Amma bakin da ya saba, sai na ji ina cewa ai haka yake a rubuce, wani jinin ya fi ƙarfin magani.

Daga jikin danga Gwaggo ta ce, "Ba ƙarfin jini ba ne, Malam, ƙarfin lemona ne. Ɓawon yana nan bayan rumbu in ana son gani."

Dariyar da aka yi, na tabbata har ƙauyen gabas an ji. Na ce, "Haba Gwaggo, a gaban mutane?"

Ta ce, "Gara a yi maka dariya da a zo yi mini gaisuwa. Miƙa hannu."

Aka sake tsagawa, ita kuma ta ratso taron maza ta riƙe wuyan hannuna kamar akuyar da za a kai kasuwa, ba ta saki ba sai da ya bushe. Wannan karon ta kama, na kwanta zazzaɓi na gaske, kuma ba wanda ya yi mini sannu ba tare da murmushi ba.

Ba a hana ni karatu ba, amma Dagaci ya kafa doka: yatsana ya riƙa bin layi, da na ɗaga ido daga takarda sai dattawa su ce in koma. Sunan Mai Jarida kuwa ya tafi, Mai Lemo ya maye gurbinsa, har jikokina sun gada. Tun daga ranar, in zan ba wani shawara sai na fara shafa tabon nan na tambayi kaina ko ni zan iya sha kafin in ɗura wa mutane. Kunu kuwa, in an tambaye ni, nakan ce a sa mini tsamiya, ta ishe ni.