Tagar da Ta Ƙi Rufuwa a Shagon Suruki

"Ni in na rubuta manhaja, ko a dutsen guga ka saka ta sai ta yi aiki!" Haka Injiniya Ba-Kuskure yake cika baki, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan.

To abokina, surukinsa mai shagon ɗaukar hoto ya ce ya haɗa masa manhajar adana hotuna. Gogan naka ya haɗa, har da ƙaramar taga mai tambaya: "A goge hotunan? Eh ko A'a." A kwamfutarsa, in ka danna alamar rufewa ta kusurwa, sai tagar ta ɗauka A'a ka ce. Bai gwada a wata ba, wai gwaji aikin 'yan koyo ne.

Ranar nuni ya zo yana ƙamshin turare, ya zauna a kwamfutar da ke kan kantar shagon. Taga ta fito, ya danna, ta ƙi motsi. Ya sake dannawa, ta haifo wata.

"Lafiya kuwa?" in ji suruki.

"Ƙawa ce, Baba. Tagwayen tagogi ake yayi."

Suka koma kwamfutar ɗakin wankin hoto. Nan kuwa yana taɓa tagar, manhajar ta tattara nata ya nata ta ɓace gaba ɗaya.

"Ka ga sauri ko, Baba?"

Suruki ya yi gyaran murya.

Saura babbar kwamfuta, inda hotunan bikin wata amarya suke, ga uwar amaryar a benci tana jira tun safe.

"Hajiya, matso ki ga ilimi," in ji sarkin surutu. "Zan ce a goge, sannan in rufe tagar, ba abin da zai faru."

"Kada ka..." Suruki bai ƙarasa ba, Injiniya ya danna.

Ashe ita wannan, rufewa a wurinta Eh ce. Hotuna suka bi juna kamar an buɗe wa kaji akurki. Allo ya yi fari tas.

"Ina 'yata?" Hajiya ta miƙe. "Ina ango? Ina ni?"

Injiniya ya nuna allo. "Laifin kwamfutar ne, Hajiya, ba ta waye ba. A tawa..."

Suruki ya kama shi ta wuyan riga, ya kai shi bakin titi.

"Baba, tsaya in yi bayani, kowace na'ura da yadda take rufe..."

"Na gane, ɗana. Bari ka ga yadda tawa take yi."

Garam! Har da sakata.