Baffa a Bayan Zanen Gado

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na yi intabiyu a durƙushe ba, kuma ko na so mantawa mutanen Anka ba za su bar ni ba. Tunda kowa na ba da labarin yana ƙara masa gishiri, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin ba ni da aiki. Na daɗe ina ɗibar jinin yara a wani asibitin wucin gadi da ke gwajin gubar dalma, yaran ƙauyukan Sunke da Tungar Daji da iyaye ke kawowa a kan babur. Da aka rufe asibitin aka sallame mu da godiya, na dawo gida ina taya Inna tsince wake. Raina kuwa ya riga ya tafi Kaduna. Sai dai na san gidanmu: tun rasuwar mahaifinmu ko akuya ba a sayarwa sai Baffa, wato yayansa, ya ce to. In na je masa da zancen zan tafi birni in nemi aiki, kallo ɗaya zai yi mini maganar ta mutu. Sai na ƙulla dabara: in sami aikin tun ina Anka, sannan in je masa da abu a hannu.

Wanda bai nemi aiki daga nesa ba bai san wulaƙanci ba. Na tura takarduna wurare har na daina tuna sunayensu. Wasu ko amsa babu. Wani ya kira, da ya ji inda nake sai ya ce, "Anka? A wace jiha take?" (Na faɗa masa, ya ce zai sake kira. Allah ya sa dai lafiya, don har yau shiru.) Daga ƙarshe wani asibiti mai zaman kansa ya ce za su gana da ni ta kiran bidiyo.

Nan na nemi Rabi, ƙawata tun makarantar koyon aikin lafiya, wadda ta riga ni zuwa Kaduna, take kuma jin kanta kamar ita ta gina garin. Ta ce, "Ki saurare ni. Bayanki ya zama fari tas, kada su ga turmi ko kaza. Sannan abin da suka fi tsoro shi ne su ɗauki mace daga nesa, gida su hana ta zuwa. Ki nuna musu ba ki da mai hana ki." Na haddace maganar nan kamar karatun allo.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Inna. Cewa kawai na yi, "Inna, ranar Talata mutanen Kaduna za su yi magana da ni ta waya, su gani ko za su ɗauke ni. Don Allah kada kowa ya gitta." Ta ce, "Awo, Allah shi ba da sa'a." Ban lura da irin kallon da ta yi mini ba. Ashe a wurin Inna, baƙi su nemi ɗiyarki, ko ta waya ce, a ce babu babban namiji a zaune, wannan ya zama an nuna musu yarinya ba ta da kowa. Abin kunya ne da ba za ta iya ɗauka ba.

A duk gidanmu rumfar Inna ce kaɗai sabis ke tsayawa. Na ɗaura igiyar shanya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, na rataya farin zanen gadon da Inna ke ajiya don baƙi, ya raba rumfar biyu, ya rufe buhunan gero da tukwane. Na kifa turmi, na jera littattafai a kai, na jingina waya. Na zauna a kujera, na yafa gyalen sallah, na toshe kunnuwana biyu da iyafis. Wallahi ko ni da na ga kaina sai na ji na burge kaina.

Mutum biyu suka bayyana: wata Hajiya mai kamala, ita ce shugabar ɗakin gwaji, da wani mai tabarau. Muka fara da Turanci, ina ta zubawa. Can sai Hajiya ta ce, "Mu koma Hausa, don yawancin marasa lafiyarmu ita suke ji." Na ce babu damuwa, na ma gyara harshe ina ta karya shi irin na gidan rediyo, kamar ba a Anka aka yanke mini cibiya ba. Duk wannan lokacin ban san Baffa ya shigo ta ƙofar baya ba, shi da dattawa biyu na majalisarsa. Inna ta shimfiɗa musu tabarma a bayan zanen, ta ajiye farantin goro. Sun bi umarnina sarai, ba wanda ya gitta. Suna zaune shiru, ba sa jin tambaya, amsata kawai suke ji.

Sai Hajiya ta ce, "In mun ɗauke ki, gida za su bar ki ki taho?"

Ga tambayar Rabi ta zo! Na gyara zama, na ɗaga haɓa, na ɗaga murya yadda mai toshe da kunne ke yi, na ce, "Hajiya, ni ke yanke wa kaina hukunci. A gidanmu babu wanda nake neman izininsa. In na ce zan tafi, na tafi ke nan."

Na ga idon mai tabarau ya bar fuskata ya koma bayana. Na ga Hajiya ta ɗora hannu a baki. A ƙaramin hotona da ke gefen waya kuwa na ga farin bangona yana ɗagawa a hankali, kan sanda ya fara leƙowa, sannan hula, sannan farin gemu.

"Salamu alaikum," in ji Baffa. "Ke ɗiyag ga, mi kic ce? Maimaita in jiya. Wa ka yanke hukunci gidan ga?"

Innalillahi! Ban san lokacin da na bar kujera ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba tun ina yarinya, sai ga ni a ƙasa gwiwa biyu ina cewa, "Baffa ina wuni, an wuni lahiya?" Iyafis ya fizge, igiya ta tsinke, zane ya zube. Hausar rediyo ta gudu ta bar ni. Abin da mutanen Kaduna ke gani yanzu shi ne buhunan gero, dattawa uku, farantin goro, Inna riƙe da buta, da saman gyalen wadda ba ta neman izinin kowa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baffa ko kallona bai sake yi ba, ya matso ya sunkuya kan turmi har hancinsa ya cika wayar.

"Ke ta shugaba?"

"Ni ce, Baba. Ina wuni?" Har da ɗan rusunawa Hajiya ta yi a kujerarta. Mai tabarau dai ya ɓace daga hoton, sai kafaɗarsa ake gani tana rawa don dariya.

"Ina za ta kwana? Gidan da katanga? Wa ka kula da ita in ba ta da lahiya?"

Intabiyu ya juye, masu tambaya suka koma masu amsawa. Ina durƙushe hawaye na taruwa, ina jin aikin yana zamewa, Kaduna na zamewa, ga kuma fushin Baffa a kai. Sai wani abu ya taso mini. Na ce a raina, kunya dai na riga na sha ta, ba zan haɗa da asara ba. Na share ido na ce, "Baffa, na yi ɓarin baki, ka yi haƙuri. Amma aikin ga na iya shi, kuma ina son shi. Hajiya, in da sauran tambaya, ki yi."

Hajiya ta gyaɗa kai. Inna ta ajiye buta, ta ɗauko wayar ta riƙe mini daidai fuska. Haka na ƙarasa a durƙushe (ba a tashi gaban Baffa sai ya ce a tashi, shi kuwa bai ce ba). Aka tambaye ni yadda nake yi da yaron da ke kuka ya ƙi ba da hannu, na amsa da Hausar garinmu, don babu sauran abin ɓoyewa. Kafin a gama Baffa ya ɗauki sandarsa ya fita, ko goron bai taɓa ba.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Dattawan nan biyu ba su bar ko wasali ba. Na fita sayen mai, mai shago ya ce, "Mai Hukunci, kwalba nawa kika yanke?" Mata a gidan suna suka riƙa yi mini bismillah da "a ba Mai Hukunci wuri." Baffa kuwa in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Wannan ne ya fi ci mini rai, don ba ni da uban da ya wuce shi.

Ana haka Hajiya ta kira. Ta ce sun ɗauke ni, amma da sharaɗi: sai ta ji daga bakin Baffa. Ta ce sun sha ɗaukar masu cika baki irina daga nesa, ranar fara aiki a ji gida sun hana.

Na same shi a zaure yana jan carbi. Na durƙusa. Bai ɗago ba ya ce, "Mai Hukunci, mi ya kawo ki wurin wanda ba a neman izninai?"

Na ce, "Baffa, tafiya ina son in yi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba ni taka ƙafa waje ba da albarkarka ba. In ka hana, zan zauna, kuma kullum zan dawo in sake roƙo har ka gaji."

Ya ɗago ya dube ni. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Haka ubanki yake. Shi durƙusa maka, kuma shi yi abin da ya nufa." Ya miƙo hannu. "Kira min matar."

A gabana ya ce mata, "Na ba ki amana."

Yanzu ina Kaduna. Sunan ya biyo ni har ɗakin gwaji, kuma duk ranar da na nemi hutu sai Hajiya ta dube ni ta ce, "Kin tambayi Baffa?" Ita da Baffa kuwa duk Juma'a sai sun gaisa a waya, ni ce ma ake ba labari daga baya. Masu dariya a Anka su ci gaba, ban hana kowa ba. Ni dai na ce zan tafi, kuma na tafi. Abin da na koya kawai, in za ki cika baki a gidanku, fara ɗaga zanen gado ki duba wa ke zaune a baya.