Rasuwar Autan Hajiya a Cikin Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mas'udu na Baoudetta yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ɗan mangwaron nan da aka fi sani da Autan Hajiya. Ya rasu yana da wata goma sha huɗu da ganye tara, a cikin rabin bido, wato jarkar roba, inda aka haife shi.

Marigayin ba shi da abokin faɗa. Bai taɓa neman tuwon kowa ba. Abin da aka san shi da shi, in an zuba masa ruwa ƙasarsa ta yi ƙut-ƙut, in iska ta taso ya yi shaf-shaf, shi ke nan maganarsa. Hajiya Marwa, surukar Mas'udu, ita ta dasa ƙwallonsa da hannunta sati biyu kafin Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga wannan rana mijinta Alhaji Danda ya riƙe shi kamar ɗa, yana goge masa ganye da gefen rawani. Da zai tafi aikin Hajji ya tsallake 'ya'yansa maza huɗu, ya danƙa amanar a hannun mijin 'yarsa, wai shi ne mai hankalin gidan.

Hankalin ne ya jawo. Mas'udu ya dubi ranar bazara tana ƙona tafin ƙafa, ya dubi awakin unguwa da ba su san haram ba, tsoro ya kama shi. Sai ya ɗauki marigayin ya sa a rumbun da babu hatsi, ya mayar da murfi, ya tsare da kansa. Ruwa kam safe da yamma, ta ƙasan murfi, da sauri don kada zafi ya shiga. Kwana talatin da takwas ba akuyar da ta gan shi. Rana ma haka.

Ciwon ajali ya fara da fari. Ganye ya koma launin nono, jiki ya rame, wuya ya miƙe ya karkata wajen wata 'yar tsaga da ke jikin rumbu. Mas'udu ya ga tsagar, ya ce zafi ne ke shiga, ya liƙe ta da laka.

Madam Hassana ta kolej, mai koyar da ilimin halittu, ita ta duba gawar. Ta bayyana cewa yunwa ce. Ganye shi ne madafar itace: da ruwa da iska yake haɗa abincinsa, hasken rana kuwa shi ne wutar girkin. Kuma itace yana numfashi dare da rana kamar kowa, yana ƙona abin da ya girka don ya rayu. Da aka kashe masa murhu sai ya koma cin ajiyar jikinsa, har ta ƙare. Mas'udu ya ji bayanin nan a tsaye, ya ƙarasa jinsa a zaune.

Marigayin ya bar rabin bido guda, da moɗar da ake ba shi ruwa, da Alhaji Danda wanda har yanzu bai sani ba. Ya kuma bar Mas'udu, mutumin da shekara goma sha shida bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba don kunya, yanzu ga shi da bakinsa zai faɗa. Kwana uku ke nan ko fura ba ta wuce masa. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya faɗa ɗaki. Ya kawo shawarar a nemo wani mangwaron daga Tessaoua a sa a bidon, matarsa Shamsiyya ta ce babanta ya san kowane ganye, kuma ba za a yi wa uwarta ƙarya tana kabari ba.

Jiya Alhaji ya aiko saƙon murya. Bai tambayi jikoki ba. Ya ce ya ware gora guda ta Zamzam, ba ta kowa ba ce sai ta Auta.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da zarar motar alhazai ta iso daga Maradi. Kafin nan gawar tana tsakar gida, a rana, ga mai son gani. Ana roƙon dattawa su zo da wuri su zauna kusa da Mas'udu. Kada kowa ya karɓi gorar daga hannun Alhaji a ƙofar gida. Shamsiyya ta ce a bar shi ya shigo da ita da kansa, da ruwan za a yi wa Auta wanka.